A Rubuta Sunayen Ɗaya Bayan Ɗaya

Masarautar Haɗeja ƙananan hukumomi takwas gare ta: Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori. Yaron firamare ma zai jero maka su a numfashi ɗaya. Amma ba wa ɗaya daga cikin matasanmu masu kafa shafukan intanet aikin yi wa wata ƙungiyar manoman shinkafa shafi a kowace ƙaramar hukuma, sannan ka leƙa fayil ɗin saitin sabarsa. Da wuya ka ga sunaye takwas a jere. Abin da za ka tarar layi ɗaya ne mai kama da wannan:

server_name ~^(?<gari>.+)\.misali\.ng$;

A ƙasansa kuma wani layin ya ce a ɗauko shafin daga jakar da sunanta ya zo daidai da abin da aka kama. Wannan shi ne yayin da ake ciki, kuma ni ina ganin yayi ne da zai cutar da ƙananan masu shafuka fiye da yadda zai amfane su.

Ga wanda bai san harkar ba, ga yadda abin yake. Kwamfuta ɗaya mai adireshi ɗaya tana iya ɗaukar shafuka da yawa. Tun 1997, da aka fitar da tsarin HTTP/1.1, duk burauzar da ta nemi shafi sai ta faɗi sunan shafin da take nema a cikin saƙonta. Manhajar da ke kan sabar, ko nginx ce da Igor Sysoev ya fitar a 2004 ko Apache, sai ta duba wannan suna ta san wace jaka za ta buɗe. Mai saiti yana da zaɓi uku a nginx. Zai iya rubuta cikakken suna, kamar auyo.misali.ng. Zai iya sa tauraro a farko ko a ƙarshe don ya tattara duk rassan suna ɗaya. Ko kuma ya yi amfani da rejeks, wato zubin alamomi da ke bayyana kamannin suna, duk sunan da ya shiga zubin a karɓe shi. Rejeks tsohon ilimi ne mai daraja. Masanin lissafi Stephen Kleene ne ya assasa shi a shekarun 1950, Ken Thompson ya shigar da shi cikin manhajojin kwamfuta a ƙarshen shekarun 1960, nau'in da nginx ke amfani da shi kuwa, PCRE, Philip Hazel ne ya rubuta shi a Jami'ar Kambirij a 1997. Ba ni da rigima da kayan aikin. Rigimata da wurin da ake sa shi ne.

Na fahimci abin da ke jan hankalin matasa. Jigawa ta daɗe da sa hannu a wannan fanni, tun zamanin mulkin Saminu Turaki da aka kafa kamfanin Galaxy da makarantar fasahar sadarwa ta Kazaure. Yau ga Jami'ar Tarayya ta Dutse, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, ga kuma ɗan Haɗeja, Kashifu Inuwa Abdullahi, da aka naɗa shugaban hukumar NITDA a 2019, abin da ya sa yara da yawa suka ga cewa hanyar tasu ce. Wanda ya fito daga irin wannan horo kuɗinsa kaɗan ne. Hayar saba da dala ake biya, naira kuwa kowa ya san halin da take ciki. Dole ya tara makarantar Islamiyya da kantin magani da dillalin riɗi da ƙungiyar masunta a kan ƙaramar saba guda. Da ya tambayi intanet ko manhajar hira ta ƙirƙirarriyar basira yadda zai yi, amsar da ta fi burgewa ita ce ta layi ɗaya: kafa zubi, duk sabon kwastoma buɗe masa jaka kawai, ba sai ka sake taɓa saiti ba. Ga sauƙi, ga shi abin yana nuna gwaninta.

Sai dai sunan da burauza ke aikowa ba mai sabar ne ke rubuta shi ba. Baƙo ne ke rubuta shi, kuma yana iya rubuta duk abin da ya ga dama. Ba sai sunan yana cikin rajistar sunayen shafuka ta DNS ba. Wanda ya san adireshin sabarka zai iya turo saƙo da sunan gwaji.misali.ng ko ajiya.misali.ng ko tsoho.misali.ng, kuma wancan layin na sama zai karɓa, ya je ya duba ko akwai jaka mai wannan suna. Mu kuwa mun san abin da ake ajiyewa a jakar da ake kira ajiya: kwafin rumbun bayanai, sakamakon jarrabawar ɗalibai, jerin sunayen manoman da suka karɓi taki tare da lambobin wayarsu da na asusunsu. Mai saitin bai taɓa nufin buɗe wannan ga duniya ba. Zubinsa ne ya buɗe. Rejeks mai faɗi kamar koma ce mai ƙananan idanu da aka ja a fadama: za ta kawo tarwaɗar da ake nema, ta haɗo da 'ya'yan kifi da kwaɗi da ciyawa, kuma sai an fito da ita gaɓa ake sanin abin da ta kwaso.

Wannan ma misalin rejeks ne da aka rubuta da kyau. Mafi yawan waɗanda ake kwafowa ba su kai haka ba. A rejeks ɗigo ba ɗigo ba ne, yana nufin kowane harafi, sai an sa masa karkatacciyar sanda a gaba yake komawa ɗigo na gaske. Alamar ^ ita ke ɗaure farkon suna, alamar $ ta ɗaure ƙarshensa, kuma nginx ba za ta yi ƙorafi ba in an manta da su. Wanda ya rubuta ~hadejia.misali.ng haka tsirara ya karɓi hadejia.misali.ng, ya kuma karɓi hadejiaxmisali.ng, ya karɓi hadejia.misali.ng da aka liƙa wa sunan shafin wani ɗan damfara a baya. Illar tana zuwa ne idan manhajar da ke bayan sabar tana gina mahaɗinta da sunan da baƙo ya aiko. Ɗan damfara ya nemi a sake wa shugabar makaranta kalmar sirri, ya sa sunan shafinsa a saƙon, sai imel ya isa gare ta daga shafinta na gaskiya ɗauke da mahaɗin da ke kai wa ga ɓarawo. Wannan hari sananne ne a wurin masu harkar tsaron intanet, kuma layin farko na kariya daga gare shi shi ne saba ta ƙi duk sunan da ba ta sani ba.

Akwai kuma batun wane ne ke cin nasara idan suna ɗaya ya dace da wuri biyu. Tsarin nginx a bayyane yake: cikakken suna ne farko, sai mafi tsawon suna mai tauraro a farko, sai mai tauraro a ƙarshe, sannan rejeks na farko da ya dace bisa jerin da suka zo a fayil. A kula da wannan na ƙarshen. Na farko da ya dace, ko da na biyun ya fi shi dacewa. In kuma saitin a warwatse yake cikin fayiloli da yawa, bisa jerin haruffan sunayensu ake karanta su, don haka sakakken zubi a fayil ɗin Auyo zai iya haɗiye baƙin Birniwa don kawai harafin a ya riga b. Umarnin nginx -t da kowa ke dogara da shi zai ce komai lafiya, domin nahawun fayil yake dubawa, ba ya sanin nufin mai rubutu.

Batun sauri ba zan daɗe a kansa ba. Gaskiya ne cikakkun sunaye a teburi ake ajiye su a ciro su nan take, rejeks kuwa ɗaya bayan ɗaya ake gwada su, amma shafin makarantar da mutum ɗari ke buɗewa a rana ba zai ji bambancin ba. Abin lura kawai shi ne rejeks yana kayar da ƙwararru ma. Ranar 2 ga Yuli 2019 zubi ɗaya ya cinye ƙarfin na'urorin kamfanin Cloudflare a faɗin duniya har na minti 27. A Yulin 2016 shafin Stack Overflow, inda masu rubuta manhaja ke zuwa neman amsa, ya tsaya na minti 34 saboda rejeks da ya haɗu da dogon fili marar rubutu. Ba a sunan shafi waɗannan suka faru ba, amma kamfanoni ne masu tarin injiniyoyi da masu duba aikin juna.

Hujja mafi ƙarfi da nake ji daga masu son rejeks ta gida ce, kuma ina girmama ta. Sunayen garuruwanmu ba su da rubutu ɗaya. Wani ya rubuta hadejia, wani hadeja, wani hadejiya. Malam Madori kan zo da l ɗaya ko biyu, a haɗe ko da karan tsakiya. Kiri Kasamma ma haka, ga Birniwa da wasu ke ƙara wa i. Sai a ce ai zubi ɗaya zai tattara duka. Zai tattara, amma mu ƙirga: rubutu uku ne ko huɗu, ba dubu ba. A zaɓi ɗaya ya zama sunan shafi na dindindin, sauran a jera su a wani sashe dabam da zai tura baƙo zuwa na dindindin da lambar 301. Wannan ya fi kyau ko ta fuskar Google, domin shafi ɗaya da ke amsa sunaye huɗu yana raba darajarsa ne a wurin injin bincike. Sannan ga takardar shaidar tsaro, wadda ke sa makulli ya bayyana a burauza. Let's Encrypt tana bayar da ita kyauta, kuma ta fara bayar da mai tauraro a Maris 2018, amma tauraron mataki ɗaya kawai yake rufewa: ya rufe auyo.misali.ng, bai rufe www.auyo.misali.ng ba. Zubin da ke karɓar kowane irin suna zai karɓi na biyun, manomi ya buɗe wayarsa ya ga jan gargaɗi cewa shafin ba shi da aminci, ya rufe bai sake dawowa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda zai gaji aikin. Matashin da ya ƙware a Haɗeja ba ya daɗewa, Kano ko Abuja ko Legas za su kira shi, kuma ba laifinsa ba ne. Sabar za ta koma hannun ƙaninsa, ko malamin kwamfuta na makarantar, ko mai shagon buga takardu da ke kusa da kasuwa. Ranar da shafi zai lalace kuma ba ranar hutu ba ce. Ranar fitowar sakamako ce, ko lokacin rajistar tallafi, ko irin damina ta 2020 da ta 2022 da ruwa ya ci gonaki da gidaje a Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa, ƙungiyoyi na tattara sunayen waɗanda abin ya shafa, wuta babu, sabis na zuwa yana ɗaukewa. Mutumin da ke ƙoƙarin gyara ta wayar hannu a irin wannan hali, in ya ga sunaye a jere zai san shafuka nawa ke kan sabar, ya san wanne ya ɓata. In ya ga baka da ɗigo da tauraro da dala, ba zai ma san shafuka nawa yake riƙe da su ba, sai ya bi jakunkuna yana kintace. Na ga an bar shafin wata ƙungiya a mace makonni saboda babu wanda ya yarda ya taɓa layin da bai fahimta ba, mai layin kuma wayarsa ba ta shiga.

Rejeks yana da wurinsa. In ka gina dandalin da kowane ɗan kasuwa zai yi rajista da kansa ya samu reshen suna nan take, ɗaruruwa ko dubbai, ba ka san sunayen gobe ba, to babu makawa sai tauraro ko zubi. A nan ma akwai ladabi. A ɗaure farko da ƙarshe. A tsare kowane ɗigo. A bar .+ a rubuta [a-z0-9-]+ don kada ɗigo ya kutsa. A raɗa wa abin da aka kama suna maimakon lamba, domin wani rejeks da ke ƙasa zai iya goge lambar. A bar manhaja ta duba rumbun bayanai ta tabbatar sunan na mai rajista ne kafin ta buɗe komai. A kuma rubuta bayani da Hausa a saman layin, da misalin sunan da ya kamata ya shiga da wanda bai kamata ba. Amma a cikin masu wannan sana'a a yankinmu, nawa ne ke da irin wannan dandali? Galibinsu kwastomominsu ba su wuce ashirin ko talatin ba. In rubuta sashe talatin ya yi yawa, ƙaramin shiri zai karanta jerin sunaye ya fitar da fayilolin da kansa, abin da ya fito kuma kowa zai iya karantawa.

Roƙona ga malaman da ke koyar da wannan fanni a Dutse da Kazaure da Kafin Hausa da cibiyoyin horo na cikin garin Haɗeja shi ne su sa abu biyu cikin darasin farko na saba. Na ɗaya, kowane ɗalibi ya kafa sashen default_server da ke mayar da lambar 444, wato nginx ta katse duk wanda ya zo da sunan da ba a rubuta ba, tun kafin ya kafa shafi ko ɗaya. Na biyu, ranar duba aiki a ba wa abokin zamansa fayil ɗin, a ce ya faɗi shafuka nawa ke ciki da sunayensu, sannan ya turo wa sabar sunayen ƙarya guda biyar da umarnin curl a ga nawa za ta karɓa. Da sakamakon wannan gwaji za a ba da maki.