Amshi Ma Aji Ne: Waƙoƙin Zumuntar Mata a Kafanchan da Kewayenta

Duk lokacin da aka zo rarraba waƙar Hausa a aji, hanya ɗaya ake bi. A ce ga waƙar baka, ga rubutacciya. A ƙarƙashin ta baka a jero makaɗan fada da na jama'a da na sana'a, a kawo Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata, a ɗan taɓa waƙoƙin daka da na gaɗa. A ƙarƙashin rubutacciya a faro daga masu jihadi a gangaro zuwa Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu. Daga baya, da ƙyar da jiɓin goshi, aka buɗe wa waƙoƙin fim ƙofa. Amma akwai waƙar da ake rerawa da Hausa kowace Lahadi daga Kafanchan zuwa Kagoro, Zonkwa, Manchok, Kwoi da Kachia, mata ne ke tsara ta, su ke kaɗa ta, su ke rera ta, kuma har yau ba ta sami kujerar da ta dace da ita a wannan aji ba. Ina nufin waƙoƙin Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan majami'a.

Na sha jin dalilan da ake kawowa. Wani ya ce ai ba Hausawa ne ke yin su ba. To tun yaushe adabi ya koma gadon jini? Jiki Magayi, da muke alfahari da shi a cikin littattafan farko na ƙagaggun labarai, John Tafida na Wusasa ne ya rubuta shi tare da Rupert East, Bature ɗan Ingila, kuma ba wanda ya taɓa cire shi daga manhaja saboda haka. Wani ya ce Hausar ba ta nuna ba, ana sa "ya" inda ya kamata a sa "ta", ƙ da ɗ sun ɓace a baki. Wannan karin harshe ne. Hausar Bauci da ta zangon Kumasi ma ba su damu da bambanta jinsi kamar ta Sakkwato ba, kuma masana harshe suna nazarinsu da mutunci. Dalili na uku ne kawai ya cancanci a tsaya masa, wato masu cewa waƙoƙin majami'a fassarar waƙoƙin Turawa ne, babu fasahar gida a cikinsu. Waɗannan sun haɗa abu biyu mabambanta sun ɗaure da igiya ɗaya, kuma tarihin makaranta a wannan yanki shi zai kwance su.

'Yan mishan na SIM, waɗanda suka fara taka ƙasar nan a 1893, sun kafa tasha a Kwoi a 1910, sannan a Kagoro a shekarun 1920. A 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya haɗe da na Kaduna da na Jos a Kafanchan, gari ya cika da ma'aikata daga kowace kusurwa. Yankin kuwa dama harsuna ne jingim: Fantswam, Jju, Tyap, Gworok, Hyam, Ninzo, Nikyob da sauransu. Mishan ba ta da littafi a yawancinsu, sai ta ɗauki Hausa, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta gina makarantu da yawa a nan ba, don haka ajin farko na yawancin ƙauyuka shi ne ɗakin sujada, malamin farko kuma shi ne mai bishara. A wurare da dama sai mutum ya iya karatu kafin a yi masa baftisma. Littattafai biyu ne a hannun ɗalibi: Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi. Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kagoro ta yaye malaman, majami'ar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, a farkon shekarun 1960 kuma ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa ta fito da waƙa daga cikin gini zuwa bakin titi da ganguna.

Littafin Waƙoƙi, gaskiya ne, yawancinsa fassara ce. An riƙe muryar Turai, aka nemo kalmomin Hausa aka cusa, ana ƙirga yawan gaɓoɓi kawai. Alhali waƙar Hausa nauyin gaɓa take aunawa, ga kuma hawa da saukar murya da ke rarrabe ma'ana. Shi ya sa mai kunnen Hausa kan ji an ja gajeren wasali, an datse dogo, murya ta hau inda kalma ke son sauka. Ba na raina littafin. Ya koya wa kakanni da yawa haɗa baƙi, tsofaffi kuma sun haddace lambobin waƙoƙinsa har ba sa buɗe shi. Ƙungiyar mawaƙa, wadda kowa ke kira kwaya, a kansa ta girma, da do-re-mi a kan allo da muryoyi huɗu. Sai dai in da shi kaɗai ne, da masu suka sun yi gaskiya.

Matan da aka bari a baya wajen shiga aji su ne suka fito da ɗayar hanyar. Ba su da do-re-mi, suna da tulu da kacau-kacau da tafi da guɗa, da salon waƙar da suka tashi da shi a gona da wurin biki. Suka ɗauki Hausar da aka karanta musu daga bagade suka zuba ta a wannan salo. Tun da waƙar daga baki ta taso, ba daga takarda ba, muryarta tana bin magana. Kayan aikin da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa don nazarin waƙar baka, wato jagora da 'yan amshi, gindin waƙa da ɗiyanta, karɓi da ƙari, duk suna zama daram a kanta ba tare da an matsa musu ba. Wannan kaɗai ya isa shaida a kan ko ɗiyar wane gida ce.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda suke sarrafa amshi. A shiga majami'a da yammacin ranar da mata ke taro, kafin su sa zanensu iri ɗaya na ranar Lahadi. Wasu da goyo, wasu daga kasuwa suke, wata ta ajiye kwandonta a bakin ƙofa. Mai tulu ta zauna ta ɗora shi tsakanin ƙafafunta, tana buga bakinsa da faffaɗan soso, sautin yana fitowa can ƙasa. Jagora ba ta fara koyar da baiti. Amshi take fara bayarwa, gajere, abin da numfashi ɗaya zai ɗauka, ta maimaita har sai wadda ta fi kowa nauyin baki ta kama. Sai amshi ya zauna sannan labari ya shigo.

A ɗauki labarin ɗan da ya karɓi gadonsa ya tafi ya lalatar, wanda ke cikin Luka sura 15, domin irin labaran da mata ke son waƙewa ne. Jagora takan yanka shi gunduwa-gunduwa, kowane ɗan waƙa da aukuwa ɗaya tak: ya roƙi rabonsa, ya tafi ƙasa mai nisa, kuɗi ya ƙare, yunwa ta zo, ya koma kiwon aladu. Amshin kuwa ba ya ba da labari. A ce kira ne ga wanda ya tafi ya dawo gida. A ɗa na farko kiran kamar bai da wurin zama, domin yaro bai ma fita ba tukuna. A na uku sai ka ji muryar uban ce. Idan aka kai wurin aladu, kalmomin ba su canza ko ɗaya ba, amma yanzu zuciyar yaron ce ke yi masa magana. Daga nan jagora ta bar Luka ta shigo gari da ƙari nata: ɗan da ya tafi Abuja ya daina kiran waya, wanda aka sayar da buhunan citta aka biya masa kuɗin makaranta ya ƙare a gidan burkutu, yarinyar da aka cire daga aji aka aurar. Amshi na nan yadda yake, amma masu rera shi yanzu 'ya'yansu suke kira, kuma za ka gani a fuskokinsu. Layi ɗaya ya yi aiki huɗu ba a taɓa ko harafinsa ba. Wanda ya ce wannan maimaici ne kawai na rashin abin faɗa, bai saurara ba.

Akwai kuma yadda ake kai waƙar ƙarshe. Jagora takan fara gajarta ɗiyanta, ta riƙa faɗowa tun 'yan amshi ba su rufe baki ba, su ma su yanke amshin su bar rabinsa. Tulu ya ƙara sauri, kacau-kacau ya cike gurbin da kalma ta bari, wata ta rangaɗa guɗa. A daidai nan jagora ba ta kawo sabon zance. Ta san kunne ya cika, abin da ya rage shi ne a kafa abin da aka riga aka ji. Ƙwararriya ana gane ta ne a nan, ba a zaƙin murya ba: ta san lokacin da za ta ƙara, ta san lokacin da za ta janye ta bar wa jama'a waƙarsu.

Wannan tsari koyarwa ce, kuma a nan nake son tsayawa. Abu kaɗan da kowa zai riƙe, abu mai yawa da ake kawowa sannu a hankali, misali daga rayuwar mai sauraro, sannan bita. Duk malamin da ya yi kwas ɗin koyarwa ya san waɗannan matakai da sunayensu na boko. Matar da ba ta taɓa riƙe alli ba takan fita da sura guda a kanta, a jere, ba ta tsallake aukuwa ba. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta ilimantar da matan karkara ta hannun jagororinta mata, da ake kira jaji, da 'Yan Taru, kuma muna nazarin aikinta da girmamawar da ta cancanta. Addini daban, zamani daban, amma dabarar ɗaya ce: mata na koyar da mata da abin da baki zai iya ɗauka zuwa gida.

Amfanin bai tsaya ga iyaye ba. Sau da yawa mai tsara waƙar ba ita ke rubuta ta ba. 'Yarta ko jikarta da ke ƙaramar sakandare ake kira ta zo da biro da littafin rubutu, a faɗa mata tana rubutawa, a gyara, a sake. Yarinyar da a makaranta ba a taɓa ce mata ta tsara ko baiti ɗaya ba, ga ta tana koyon inda layi ke karyewa da dalilin da ya sa wata kalma ta ƙi zama. Bayan gwamnati ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970, aka zo da shirin ilimin firamare na bai ɗaya a 1976, aji ya yawaita amma waƙa ta ragu a cikinsa. Makarantun gwamnati ƙalilan ne ke da malamin kiɗa, balle kayan kiɗa. Saurayin da ya iya jita ko ganga ko piyano a Kafanchan yau, in ka bincika, galibi a majami'a ya fara taɓa su, kunnensa kuma tun yana goye tulu ya gyara shi.

Ana jin tasirin a waƙoƙin bishara na situdiyo. Panam Percy Paul, Solomon Lange da Jeremiah Gyang sun sa har masu sujada a Legas, waɗanda ba su jin Hausa, suna rera amshi da Hausa. Na yaba musu. Amma da yawa daga matasan da ke bin sawunsu sun ɗauki amshin sun yar da ɗiyan. Layi biyu ake ta juyawa na tsawon minti bakwai a kan kiɗan kwamfuta, babu labari, babu ƙari, babu abin da zai sauya wa amshin ma'ana. Ni kam na fi son tulu da jagorar da ta san unguwarta.

Akwai suka ta wani ɓangaren, daga 'yan yankin kansu, masu cewa Hausar majami'a ce ta cinye harsunan iyayensu. Kukansu na da tushe, domin akwai gidaje a Kafanchan da yara ba sa iya mayar da gaisuwa da harshen kakarsu. Sai dai hana mata waƙa da Hausa ba zai dawo da Tyap ko Jju bakin yara ba. An fassara Sabon Alkawari zuwa harsunan nan biyu, kuma ƙungiyoyin matan nan su ne ke rera waƙa ɗaya da Hausa, ta biyu da harshen gida, a sujada guda. Dabarar da ta dasa Hausa a ƙauyukan nan ita ce mafi kusa da hannu ga mai son dasa harshensa. A ba jagora labari da Hyam ko Gworok, za ta san yadda za ta yi da shi.

Abin da ke damuna shi ne asara. Yawancin waƙoƙin nan ba a san masu su ba. Waƙa takan tashi daga wani ƙauye, a ji ta a babban taron mata, kafin shekara ta zagayo ta kai Jos da Gombe, sunan mai ita ya faɗi a hanya. Littattafan rubutun suna cikin akwatuna, gara na ci. Tsofaffin jagorori suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya tana tsakiyar wannan arziki, Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero kuma kowace shekara ɗalibansu na neman abin da za su rubuta kundi a kai. Ɗalibi, Musulmi kake ko Kirista, wayar da ke aljihunka ta isa ɗaukar murya. Ka nemi izinin Uwar Zumunta, ka zauna a taron mata na tsakiyar mako, ka ɗauki waƙar tun daga koyon amshi har guɗa. Ka rubuta ta yadda aka rera ta, kada ka gyara musu Hausa, kuma ka tambayi sunan wadda ta tsara ta da garinsu ka sa a saman shafi.