Gulbin da Babu Shi a Littafi: Nazarin Darasin Hanyoyin Samun Ruwa a Ƙasar Kabi

Daga cikin rubuce-rubucen da ɗan Nijeriya yake fara cin karo da su a makaranta, kaɗan ne suka kai darasin hanyoyin samun ruwa yaɗuwa, kuma kaɗan ne manazarta adabi suka yi wa rikon sakainar kashi kamarsa. Manhajar kimiyya ta ƙananan azuzuwan firamare, wadda hukumar NERDC ta tsara wa ƙasa baki ɗaya, ta tanadi a koya wa yara inda ake samun ruwa da amfanin da ake yi da shi. Littattafan da aka gina a kan manhajar sukan kawo darasin a shafi ɗaya ko biyu, kusan da siga guda: ruwan sama, kogi, tafki, teku, rijiya, burtsatse, famfo, kowanne da hotonsa, sannan a raba su gida biyu, waɗanda Allah ya halitta da waɗanda ɗan Adam ya samar. Wani zai ce wannan ba adabi ba ne. Amma matani ne, yana da zubi da salo, yana da abin da ya faɗa da abin da ya yi shiru a kansa, kuma yaro ɗan shekara bakwai a Argungu zai haddace shi tun kafin ya buɗe ƙagaggen labari ko ɗaya. Wannan maƙala za ta karanta shi kamar yadda ake karanta kowane matani, ta auna shi da ƙasar da ake koyar da shi a cikinta, wato kwarin Rima, tsakanin Argungu da Birnin Kebbi.

Adalci ne a fara da abin da darasin ya iya. Gajere ne, yana zama a ƙwaƙwalwa, kuma yana sa yaro ya gane cewa ba kowane ruwa ake sha ba. Wannan ba ƙaramin ilimi ba ne a ƙasar da kurkunu ya daɗe yana kwantar da manoma a tsakiyar damina. Kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijeriya ta rabu da wannan ciwo, sai da aka yi shekaru ana bin ƙauyuka ana koya wa jama'a tace ruwan tafki da ƙyalle.

Matsalar tana cikin zubin. An zuba darasin a sigar jeri, shi kuwa jeri ba ya da lokaci, ba ya da sanadi. Yana ajiye abubuwa gefe da gefe kamar kayan koli a faifai, ko an sauya musu wuri ba abin da zai ragu. Yaron da ya haddace shi zai fita da tunanin cewa akwai ruwa iri bakwai, kowanne da gidansa. A kwarin Rima kuwa abin da ido yake gani labari ne guda, mai farko da tsakiya da ƙarshe. Ruwan sama yana sauka daga wajen Yuni. Zuwa Agusta da Satumba gulbi ya cika ya tumbatsa, ya malale fadama, shinkafar da aka shuka tun kafin zuwansa tana miƙewa tare da shi. Da kaka ta shigo sai ya fara janyewa, ya bar tafkuna da kududdufai a ƙananan wurare, kifi ya maƙale a ciki. Wani kason ya nutse cikin yashi, shi ne mai lambu yake tararwa da rani idan ya kafa bututu a fadama ya ɗaura injin ban-ruwa, kuma shi ne uwar gida take jawowa da guga a rijiyar unguwar da ke gangare. Ruwan da littafi ya ba suna huɗu, ruwa ɗaya ne da ya sauya masauki sau huɗu a shekara. Tambayar da ta fi kusa da rayuwar yaron, wato me ya sa rijiyarsu take yin ƙasa a watan Afrilu, jerin ba shi da hanyar amsa ta, domin ya riga ya raba rijiya da gulbi ya sa su a gidaje daban.

Wannan rabo na gida biyu shi ne ya fi rauni idan aka bi gulbin sama. Ruwan da ke wucewa ta Argungu ya yi doguwar tafiya. Gulbin Maraɗi yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya tsallaka cikin Jamhuriyar Nijar, ya dawo Nijeriya ya faɗa Rima. Rima ta haɗu da Gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, su gangaro tare ta Argungu da Birnin Kebbi har su zuba a Kwara. A kan wannan hanya akwai madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara, wadda aka gama a 1978, da madatsar Goronyo, wadda aka gama a 1984. Tun daga lokacin, yawan ruwan da ke isa fadamun da ke ƙasa da su, da lokacin da yake isa, ba ga damina kaɗai suka rataya ba. Akwai hannun mai buɗe ƙofa da rufe ta. Manoman da ke ƙasa da Bakolori sun ga ambaliyar da shinkafarsu ta dogara da ita ta ragu bayan an datse gulbin. A Satumbar 2010 kuma ruwa ya yi yawa, ya ci garuruwa da gonaki a jihohin Sakkwato da Kebbi, haka ya sake yi wa gonakin shinkafar Kebbi a 2020. To, a wane gida za a sa wannan gulbi, na Allah ko na ɗan Adam? Darasin ya amsa tun kafin a tambaya, kuma amsar ta ɓoye wa yaro cewa ruwan ƙofar gidansu yana da masu yanke hukunci a kansa.

Sai batun harshe. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake magana da shi a inda yake zaune. Littafin kimiyya dai da Ingilishi yakan zo, malami ya fassara a baki. Ko da an fassara shi da daidaitacciyar Hausa, wadda ta jingina da karin harshen Kano, kalmar da za ta fito ita ce kogi, alhali Bakabe gulbi yake cewa. Wannan ƙaramin abu ne, yaro zai gane. Babban abin shi ne kalmomin da ba su da gurbi ko kaɗan. Hausa ta bambanta gulbi da ƙorama, ta bambanta tafki da kududdufi, tana da marmaro da idon ruwa, tana da gurbi mai zurfi da mashigi inda ake tsallakawa da ƙafa. Fiye da duka tana da fadama, wadda ba ruwa ba ce zalla kuma ba tudu ba ce, ƙasa ce da ruwa yake aro wata uku ya mayar. Da wuya a ga fadama a jerin, alhali a kanta tattalin arzikin jihar ya tsaya. A Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a Nuwambar 2015. Teku kuwa, wanda yawancin yaran ajin ba za su gani ba sai sun girma, yana nan da hotonsa mai shuɗi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne darasin yana magana kamar yaron bai taɓa jin wani bayani a kan ruwa ba, alhali ya zo aji da matani biyu a kansa. Na farko daga zaure ko Islamiyya. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake farawa da su, irin su Ahalari da Ishmawi, sannan Risala, duk sun yi magana a kan ruwan da ya halatta a yi tsarki da shi. Risala ta ambaci ruwan sama da na idanu da na rijiya da na teku, wato jerin ya riga littafin boko zuwa wannan ƙasa da ƙarnuka. Amma fiƙihu bai tsaya a jeri ba, ya ba ɗalibi ma'auni: ya duba launi, ya ɗanɗana, ya shinshina, ya tambayi abin da ya sauya ruwan. Wannan horon lura ne, kuma malamin kimiyya da ya fara daga nan zai sami ƙofa a buɗe ya nuna cewa akwai ƙwayoyin cuta da ba sa sauya launi ko ɗanɗano ko wari, don haka ruwan da ya isa alwala ba lallai ne ya isa sha ba.

Matani na biyu ba a rubuce yake ba, a Matan Fada yake. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta sigarsa ta yanzu da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, yana koyar da abin da jeri ba ya iyawa. Akwai Sarkin Ruwa, akwai gyaran ruwa, akwai fashin ruwa, akwai lokacin da aka hana kowa jefa homa sai an ba da izini. Yaron da ya tsaya a gaɓa ya ga dubban masunta da gorunansu suna jiran alama ya riga ya fahimci cewa ruwa yana da doka, yana da lokacin hutu, kuma abin da ke cikinsa yana ƙarewa idan kowa ya ɗiba yadda ya so. Ba na cewa a mayar da aji fagen al'ada. Ilimin gaɓar gulbi yana da nasa makantar. Yaran masunta da yawa sun girma suna ganin jini a ƙarshen fitsari kamar abin da aka saba, alhali tsargiya ce, tsutsar da ke fitowa daga ƙananan dodon-koɗi a ruwa mai kwanciya, ta huda fatar mai wanka. A nan littafi ne ya san abin da gulbi bai faɗa ba, sai dai shafin da bai kira tafkin bayan gari da sunansa ba zai yi wuya ya hana yaro shiga cikinsa.

A wannan shekara ta 1934 da Sarkin Musulmi ya je Argungu aka buga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, bayan ya yi nasara a gasar rubutun 1933. Alhaji Imam ya bar Kwantagora ya shiga duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ruwan da ke can nesa, wanda mutanen gari ma suka yi shakkar akwai shi. A ƙagaggen labari wannan nisa shi ne ƙarfin zubin, domin shi ya haifi tafiyar. Hoton famfo a littafin firamare ya ɗauki irin wannan matsayi ba da niyya ba. Shi ne yakan zo a matsayin ruwa mafi tsabta, yana zuba daga bango, ba a nuna inda ya fito ba. Ga yaron da ɗan ga-ruwa yake kawo wa gidansu jarka a kura, ko wanda ya saba da ruwan leda, famfo ya zama ruwan wasu mutane a wani gari. Alhali famfo bututu ne kawai. Wanda ke Birnin Kebbi, idan an bi shi baya, zai kai mutum matatar ruwa, matatar kuma ta kai shi ga gulbi ko ruwan ƙarƙashin ƙasa. Imam ya kai tauraronsa har bakin ruwan ya ɗebo. Littafin kimiyya ya tsaya a bakin bututu.

Manazarta adabin Hausa sun aro kalmar jigo daga lambu, daga itacen da ake rataya guga a jawo ruwa a shayar da fage. Darasin hanyoyin samun ruwa yana da kayan aiki, abin da ya rasa shi ne wannan itace da zai ɗaga su. Gyaran ba ya bukatar sabuwar manhaja. Ɗaliban da ake horarwa a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu gulbin yana kusa da azuzuwansu. Malamin da ya fita daga nan zai iya barin jerin a allo yadda yake, ya tambayi yara ruwan da ke randar gidansu daga ina aka ɗebo shi da safe, ya sake tambaya daga ina ya zo wurin, ya ci gaba da ja baya har a isa Goronyo ko gajimaren Agusta. Zai iya sa 'yan aji uku su riƙa auna tsawon igiyar gugan rijiya ɗaya sau ɗaya a wata, daga Oktoba zuwa Mayu, su rubuta adadin a jikin bango, sannan su kwatanta shi da inda gaɓar gulbi ta tsaya a kowane wata.