Goro da taba: mu yi lissafi

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Adar, yau za mu yi magana kan abin da ke cikin aljihun kusan kowane mai gida, watau goro.

Goro yana da daraja. Da shi ake neman aure, da shi ake kiran mutane suna. Ba wanda ya ce a bar wannan. Laifin yana ga cin yau da kullum.

Itacen goro ba ya fita a ƙasarmu. Tun zamanin fatake daga Gwanja ake kawo shi. Yau ma daga Gana da Kodebuwa da kudancin Najeriya yake zuwa kasuwannin Tawa da Keita da Tamaske. Kuɗinsa can suke komawa.

Ku ɗauki alli ku lissafa. In mutum yana cin goron dala 20 kullum, a wata ya kashe jika 3. A shekara ya kashe jika 36. Tiya nawa ta hatsi ke nan? Wasu na cewa goro yana kashe yunwa. Ɓoye ta kawai yake yi. Abin da ke hana barci cikin shayi, shi ne ke cikin goro. Ciki kuwa yana nan wayam.

Abin da ya fi muni shi ne haɗa goro da taba da kanwa. A ƙasar Indiya akwai wani itace dangin giginya da goriba, ana kiran ƙwallonsa supari. Suna naɗe shi cikin ganye da farar ƙasa, sau da yawa da taba, su tauna har baki ya yi ja. A shekara ta 2003, likitocin Hukumar Lafiya ta Duniya sun tabbatar cewa ƙwallon nan yana kawo ciwon daji a baki. Goronmu dabam yake da nasu. Amma tabar da ake taunawa, ita ma sun tabbatar tana kawo wannan ciwo, ko a Indiya ko a Adar.

Saboda haka mu bar goro ga baƙo da ranar biki. Mu fid da taba daga baki. Wanda ya ga gyambo ko farin tabo a bakinsa har sati 2 bai warke ba, ya tafi asibiti, kada ya jira. Ku karanta wa waɗanda ba su shiga yaƙi da jahilci ba tukuna.