Famfon Sola a Fadama: Wa Ke Ɗaukar Nauyin Canjin?

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, lissafin noman rani ya birkice a ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan na jihar Kaduna. Litar da manomin tumatir ko mai gonar rake a Hunƙuyi ke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta kai dubu. Wasu suka mayar da injin ban-ruwa ya koma shan gas, wasu suka fara hangen famfon sola. Alƙawarin da Buhari ya ɗauka a Glasgow a 2021, cewa Nijeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060, bai kai fadama ba. Tsadar mai ce ta kai. Kamfanonin sola sun samu kasuwa, kuma wanda ya ci ribar canji, a ganina, shi ya kamata ya fara duba waɗanda canjin ya taka.

A fara da tsarin biya. Yawancin masu sayar da sola bashi suna karɓar kuɗi wata-wata, wasu ma na iya kashe na'urar daga nesa idan an yi jinkiri. Wannan tsari na mai albashi ne. Manomi kuɗinsa na zuwa ne lokacin ɗiba, kuma a daidai lokacin ne kwanduna ke jeruwa bakin titi, dillali na taya su da wulaƙanci, tumatir na narkewa a rana. Haka kuma ba a manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar tumatir ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci. Kamfanin da ya kashe famfo a irin wannan shekara, shuka na tsaka da fure, ya kashe gonar da za ta biya shi. Biya ya bi girbi, a kuma rubuta sassaucin shekarar annoba cikin yarjejeniya tun farko.

Sai bakanike, wanda ya shekara ashirin yana wanke kafireto a rumfarsa, yara uku na koyo a ƙarƙashinsa, da ɗan bumburutun da galan ɗinsa ke ciyar da gida. Duk famfon sola da aka dasa, cinikinsu ne ya ragu. Za a ce wannan aikin gwamnati ne, kamfani ba gidan sadaka ba ne. Maganar tana da ƙarfi, domin babu mai tilasta wa ɗan kasuwa ya raya sana'ar da zamani ya wuce. Sai dai famfon da ya tsaya a ƙauyen Ikara, ana jiran mai gyara daga Zariya ko Kano kwana biyar, ya riga ya ƙona shuka, ya kuma ɓata sunan sola a gari guda. Koya wa wannan bakanike haɗa waya da gyaran famfo ya fi wa kamfanin araha, manoma kuma sun riga sun yarda da hannunsa.

Ƙungiyoyin manoman rani na waɗannan ƙananan hukumomi uku suna da abin ciniki a hannu, wato yawansu. Kafin su sa hannu, su nemi a rubuta musu lokacin biya da sunan mai gyara na cikin garinsu.