Dokin da Annette Ta Farfasa: Sharhi a Kan Wani Littafin 'Yan Mata

Duk wanda ya saba bi ta wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa a Adjamé ya san abin da ya fi yawa a shimfiɗarsu: littattafan makaranta, da na soyayya irin jerin Adoras da kamfanin NEI ya fara fitarwa a 1998, sai na addini. Yarinya 'yar shekara 10 zuwa 12 ba ta da wani kaso a wannan kasuwa. Ta wuce tatsuniyar Gizo, ba ta kuma kai soyayya ba. Cikin 'yan littattafan da aka rubuta domin irinta akwai wani na Kirista da nake so mu duba, wato Treasures of the Snow na Patricia St John, wanda ya fito a Ingila a 1950. Masu karanta Faransanci sun san shi da suna Qui donc a frappé?, bugun ƙungiyar Ligue pour la Lecture de la Bible. Ni Musulma ce, kuma da idon mai shirin yara a rediyo na karanta shi.

Labarin a wani ƙauye yake cikin duwatsun Suwizalan. Annette ta rasa mahaifiyarta wajen haihuwar ƙaninta Dani, ita ta raine shi. Wata rana Lucien, ɗan ajinsu, yana tsokanar Dani da 'yar kyanwarsa a bakin kwazazzabo, yaron ya faɗa, ƙafarsa ta nakasa. Gari ya juya wa Lucien baya, Annette kuwa ta ƙudura ba za ta taɓa yafe masa ba. Cikin kaɗaici Lucien ya koyi sassaƙa wurin wani tsoho, har ya sassaƙa doki domin gasar aikin hannu ta makaranta. Annette ta ga dokin, ta san zai ci, sai ta farfasa shi a ɓoye.

A wannan doki ƙarfin littafin yake. Da marubuci mai kasala ne, da ya bar Annette a matsayin wadda aka zalunta, Lucien kuma mugu har shafin ƙarshe. St John ta ɗauki yarinyar kirki, mai ƙoƙari a aji, wadda gari duka ke bayanta, ta nuna yadda gaskiyar da take da ita ta zame mata rigar ɓoye mugunta. Ba wanda ya gan ta, ba wanda zai hukunta ta, amma barci ya gagare ta. Gasar ba ta haifi ƙiyayyar ba, fili kawai ta ba ta. Na san wannan ciwo daga bakin 'yan matan da ke bugo waya a shirina idan lokacin jarrabawar CEPE ya gabato, ko ranar da aka karanta wa ya zo na ɗaya wa ya zo na biyu. Aminai biyu da ke cin attiéké a kwano ɗaya sai su yi mako ba sa gaisawa. Manya su ce yarinta ce. Littafin nan bai raina abin ba.

Ta fuskar imani, marubuciyar ba ta ɓoye manufarta ba. Sunan Faransancin ma daga Ru'ya ta Yohanna 3:20 ya samo asali, inda ake kwatanta Almasihu da mai ƙwanƙwasa ƙofa. Kakar Annette ce ke koya mata cewa ba a korar duhu da ƙarfi, taga ake buɗewa haske ya shigo. Iyaye Musulmi su san da wannan kafin su saya, domin littafin kira ne zuwa ga Kiristanci. Abin da ya burge ni shi ne tuban Annette bai tsaya a zuci ba. Sai da ta dubi Lucien ta faɗa masa ita ta fasa dokin, sannan ta kai maganar gaban malaminsu. Wannan kowane Musulmi ya san shi: haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai an nemi mai shi.

Inda muka raba hanya da ita shi ne ƙarshen labarin. Lucien ya ƙetare dutse cikin guguwar dusar ƙanƙara ya nemo likita, aka yi wa Dani aiki, ya dawo yana tafiya. Gaskiya ne Annette ta yafe tun kafin warakar, amma yarinyar da ta rufe littafin za ta tafi da cewa wanda ya yafe ana mayar masa da abin da ya rasa. An rubuta shi ne jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da yaran Turai ke buƙatar darasin afuwa. Mu ma a Kodebuwa mun ga namu: rikicin bayan zaɓe na 2010 zuwa 2011 ya ci rayuka kimanin 3,000, kuma Adjamé na cikin unguwannin da suka ɗanɗana. Babu likitan da zai dawo da waɗancan. Da Dani ya ci gaba da ɗingishi, Annette kuma tana zama da Lucien a benci ɗaya, da littafin ya fi yi wa 'ya'yanmu amfani.

Sai kuma nisan wuri. Yarinyar Treichville ba ta taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a talabijin. Idan tana son ganin kanta, Akissi take ɗauka, labarin zane na Marguerite Abouet da ya fara fitowa a 2010. Ita Abouet ɗin ce ƙungiyarta Des livres pour tous ta buɗe wa yara ɗakin karatu a Adjamé a 2009, daga baya kuma a Treichville. Akissi tana da unguwarmu da hayaniyarmu da dariyarmu, amma rashin ji ne sana'arta, ba ta kwana tana juyi saboda laifin da ta ɓoye. Annette tana da wannan juyin, ba ta da unguwar.

To ina tamu, da Hausa? Marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa sun yi wa matan aure da 'yan mata manya hidima, amma ƙanwarsu 'yar aji shida tana tsaye a bakin ƙofa. Kayan labarin kuwa ga su zube: yara biyu a gidan haya mai tsakar gida ɗaya, ɗaya na shirin musabaƙar Alƙur'ani, ɗaya na mawaƙan coci, kowace da abin da take ɓoye wa 'yar uwarta. 'Yan uwa marubuta, wanda zai rubuta shi ya ari jarumtar St John ta ɗora wa yarinyar kirki laifi, amma ya bar gurgu da gurguntarsa. Ranar da ya fito, ni zan fara karanta shi a rediyo.