A Rufe Kyauta da Ƙyallen Atamfa

Duk wanda ya je kai lefe a 'yan shekarun nan, ko ya ga kayan azumin da ake aika wa surukai, ya san yayin da ake ciki. A jera kaya a kwando ko a faranti, a lulluɓe su da leda mai ƙyalli wadda ake hango komai ta cikinta, a tattare bakinta a sama a ɗaure da ribon, sannan a ɗauki hoto. Abin ya zama sana'a. Akwai masu yi, ana biyansu, kuma wasunsu gwanaye ne na gaske. Ni ba na ƙin ado, kuma ina son a kawo mini abu cikin tsari. Abin da ke damuna shi ne wannan ledar ba ta rufe komai. Tun daga bakin layi an san gwangwanin madara nawa ne a ciki, an san ko sukarin kwali ne ko na awo.

Ba haka muka taso muka gani ba. Uwa za ta zuba abinci a kwano, ta kifa faifai a kai, ko ta ƙulle shi a adiko, ta ce wa yaro, "Kai wa Gwaggo, ka ce ina gaishe ta." Yaron zai ratsa unguwa, ya wuce majalisar dattawa da matan da ke tsaye a soro, ba wanda zai san ko farfesun kaza ne ko ɗanwake. Gwaggo ta karɓa ta shige ɗaki, ta buɗe ita kaɗai, ta juye, ta wanke kwanon, ta saka wani abu a ciki don ba a mayar da kwano haka nan, ta ba yaron tukuici. Idan abin kaɗan ne, an rufa wa mai bayarwa asiri. Idan Gwaggo ce ke cikin babu, kuma abin da aka aiko shi ne za ta kwana da shi a ciki, ita ma an rufa mata. Wannan suturar ita ce babban aikin naɗin kyauta a wurinmu, ado kuwa ƙari ne.

Wani zai ce ai lefe dama ana baje shi, ana ƙirga atamfofi. Gaskiya ne. Amma a rufe yake isowa, tun zamanin kwandon kaba, har aka koma kwalla, aka zo fantimoti, aka zo saitin akwatuna. A cikin gida ake buɗe shi, a gaban waɗanda aka kira. Yau kuwa mai ƙaramin ƙarfi da ya yi iya ƙoƙarinsa sai ya ga nasa kwandon a gefen na ɗan'uwansa mai hali, duka biyun a fili, kowa na auna su da ido. Na ga matar da ta fasa aika wa yayarta kayan shan ruwa, don kawai abin da take da shi ba zai cika kwando ba.

Ga kuma kuɗin da ke tafiya a banza. Ledar da ribon ɗin da aka biya ba sa minti ɗaya a hannu, a yage a watsar, gobe a gan su a kwata sun toshe hanyar ruwa, ko akuya ta haɗiye. Naɗin da ake yagawa a yar ma ba wata tsohuwar al'ada ba ce ko a can inda ya yi ƙarfi. A 1917 ne 'yan gidan Hall, masu kamfanin Hallmark a birnin Kansas City na Amurka, takardar da suke sayarwa don naɗi ta ƙare musu ana tsakiyar cinikin Kirsimeti, suka fito da takarda mai zane ta Faransa wadda ake yi wa ambulan shafi da ita, ta samu karɓuwa, daga nan ta zama haja. Japanawa kuwa suna da nasu tun da daɗewa, wato furoshiki, ƙyalle mai kusurwa huɗu da ake ƙulle kaya da shi. A 2006 ministar muhallinsu, Yuriko Koike, ta fito tana kiran mutane su koma gare shi don rage leda. Mu da muke da adiko da ɗankwali da kallabi ba sai an koya mana wannan ba, sakaci kawai muka yi da shi.

Ga yadda za ki yi naɗin. Turmin atamfa yadi shida ne, kuma da wuya a ɗinka shi tas ba a bar saura ba. Ki karɓo ragowar daga wurin tela, ko ki buɗe jakar ƙyallayen da ke ƙarƙashin gado. A yanka ƙyallen tsawo da faɗi daidai, a yi masa kalmasa a baki huɗu, a wanke, a goge. Kada a raina gugar nan, ita ce ke raba ƙyallen kyauta da tsumma. Ki shimfiɗa shi bayansa na kallon sama, ki ajiye kwalin kyautar a tsakiya a karkace, yadda kowane gefe zai fuskanci kusurwa. Ki ɗauko kusurwar da ke gabanki ki rufe kwalin, ki cusa bakinta a ƙarƙashi, ki jawo ta can ta hau kanta. Biyun da suka rage, dama da hagu, ki matse su kaɗan a gindi ki ɗaga ki ƙulla sau biyu a sama, ki baza kunnuwan. Idan kwalbar humra ce, tsayar da ita za ki yi a tsakiya, ki ƙulla kusurwa biyu a kan murfin, sauran biyun ki zagaya da su ta baya su dawo gaba ki ɗaure. Kafin ki fara, ki ɗan turara ƙyallen a kan kasko. Wadda aka kai wa za ta ji ƙamshin tun ba ta kwance ba, kuma ƙyallen zai zauna a gidanta, ta ɗaura wa 'yarta a ka ko ta rufe kwanon maigida da shi.

Namiji ma bai fita ba. Hular da za ka ba abokinka, ko littafi, ko agogo, farar shadda ko yadin da ya rage daga ɗinkin salla ya ishe su. Wanda ya fi son takarda ya nemi mai kaurin nan ruwan ƙasa irin wadda ake naɗe kilishi da ita, sabuwa, ya ɗaure da igiyar kaba ko zaren saƙa, ya zana dagi a kusurwa da alƙalami da tawada, ya rubuta sunan mutumin da hannunsa. Abu ɗaya nake roƙo a kiyaye: idan tsohuwar jarida ko takardar makaranta za a yi amfani da ita, a duba da kyau, kada a naɗe kaya da shafin da ke ɗauke da aya ko sunan Allah, domin ƙarshensa bola ce.

Masu sana'ar naɗi kuma ba cewa nake su bari ba. Hannunsu ya riga ya iya, ido ya san kalar da ke tafiya da wata. Da za su riƙa sayen faifai da kwando daga matan karkara da ke saƙa su, su ɗauko rinannen yadi daga Ƙofar Mata, su shiga Kantin Kwari su nemi guntayen atamfa, kuɗin da ke tafiya wurin ledar waje zai faɗa hannun masaƙa da marina da teloli. Mai biki ma za ta iya faɗa tun wurin ciniki cewa a rufe take son kayanta, kuma da abin da amarya za ta ci gaba da amfani da shi bayan an watse.