Rigimar Mayaƙi da Matsafi: Nazarin Jayayyar Daidaita Jarumai a Wasannin Almara

Vitalik Buterin, wanda ya assasa Ethereum, ya taɓa rubutawa a taƙaitaccen tarihinsa cewa ya yi wasan World of Warcraft daga 2007 zuwa 2010, har ranar da kamfanin Blizzard ya cire cutarwar da ke cikin wani tsafin jaruminsa, tsafin da ake kira Siphon Life na rukunin Warlock. Ya ce da kuka ya yi barci a daren, kuma daga nan ya gane haɗarin barin iko a hannun kamfani guda. Akwai raha a zancen, amma duk wanda ya zauna cikin masu wannan wasa ya san ba duka ba ne raha. A sauya lamba ɗaya a ofishin kamfanin da ke Kalifoniya, sai ƙura ta tashi ta yi wata ba ta kwanta ba.

A irin waɗannan wasanni, tun a farko ɗan wasa ke zaɓar rukunin jaruminsa: mayaƙi mai sulke da takobi, ko matsafi mai jifa da wuta, ko mai warkarwa, ko ɓarawo mai sanɗa. Wannan zaɓi ne zai yanke masa abin da zai iya da wanda ba zai iya ba na tsawon ɗaruruwan sa'o'i. Idan ka saurari masu jayayya, za ka ɗauka lissafi suke yi, wane ya fi wane ɓarna da kashi kaza. A ganina abu biyu suke nema waɗanda ba sa shan inuwa ɗaya: kowa yana son rukuninsa ya bambanta da na kowa, kuma yana son kada ya gaza na kowa. Shekara hamsin ke nan masu ƙirƙirar wasanni suna kai gwauro suna kai mari tsakanin buƙatun nan biyu.

Rigimar ta girmi wasan bidiyo. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake yi a kan tebur da takarda da fensir da ƙwayoyin jefawa masu fuskoki da yawa. Rukuni uku ne kacal a ciki: mayaƙi, matsafi, da mai ibada da ke warkarwa. Ɓarawo da Paladin sai a 1975 suka shigo. Abin lura shi ne yadda aka fahimci adalci a lokacin. Matsafi a matakin farko tsafi ɗaya gare shi a yini, idan ya jefa shi ke nan, sai ya laɓe a bayan abokansa, don sara ɗaya na iya gamawa da shi. Kafin ya hau mataki na biyu sai ya tara maki 2,500, alhali mayaƙi 2,000 yake buƙata, mai warkarwa 1,500. In ya jure ya kai sama, sai ya tashi sama da gaske, ya ɓace ya bayyana a wani gari, yayin da mayaƙi yana nan yana sara kamar jiya, sai dai saran ya ɗan ƙara ƙarfi. Wato a tsawon rayuwar jarumi aka raba adalcin, wanda ya sha wuya da safe ya sha daɗi da yamma. Wannan yana tafiya a tebur mai mutum biyar, inda akwai jagora da zai lura cewa mai mayaƙi ya fara hamma, ya jefo masa takobin tsafi ya faranta masa.

Kwamfuta ba ta ganin hamma. Final Fantasy na 1987 ya zo da rukuni shida, amma mutum ɗaya ne ke riƙe da dukkan jarumai huɗun tawagar, don haka ba wanda zai yi kishin wani. Matsalar ta kunno kai ne da aka tara dubban mutane a duniya guda ta intanet, kowa da jaruminsa ɗaya. A EverQuest na 1999 aka fara jin ana cewa tawaga ba ta cika sai da mayaƙi da mai warkarwa da matsafin da ke sandarar da dodanni, sauran rukunoni kuwa su yi ta jiran gayyata. Daga baya tsarin ya zauna a kan aiki uku: mai garkuwa da ke tare dodo, mai warkarwa, da masu ɓarna.

World of Warcraft, wanda ya fito a Nuwamba 2004 da rukuni tara, shi ne filin da aka fi gwabza wannan faɗa, kuma ya dace a tsaya a kansa. Babban abin nema a ƙarshen wasan shi ne gayyar mutum 40 da ke shiga kogon Molten Core su kashe manyan dodanni. Masu ƙirar sun yi wani tunani da ke da ma'ana a takarda: rukunin da ke iya aiki biyu ko uku, irin su Paladin da Shaman da Druid, bai kamata ya kai wanda ya ƙware a aiki ɗaya ba, in ba haka ba wa zai zaɓi mai aiki ɗaya? 'Yan wasa suka laƙaba wa wannan suna harajin masu baki biyu. To ga abin da ya haifar. Mutum ya zaɓi Paladin don ya ga hoton jarumi cikin sulken ƙarfe da ƙatuwar guduma. Ya yi watanni ya kai mataki na 60. Ya shiga gayya, sai a ce masa ya koma baya ya yi warkarwa. Da yake kayan da suka fi ƙara ƙarfin warkarwa sau da yawa na yadi ne, sai ga gwarzon namu cikin doguwar riga. Albarkar da yake sa wa abokan yaƙi kuwa minti biyar take yi ta ƙare, ga mutum 40, kafin ya kai kan na ƙarshe ta na farko ta kusa sauka, sai ya sake zagayowa. Sai daga baya aka ƙaro mai minti 15. Druid mai tsafin taurari shi kuma ƙarfin tsafinsa ke ƙarewa tun faɗa bai yi nisa ba, har ya zama abin zolaya.

Akwai ma wani cikas da bai shafi niyyar kowa ba. Dodo ɗaya yana iya ɗaukar lahani takwas ne kawai a jikinsa a lokaci guda, daga baya aka mai da su 16. Duk wanda ya jefa guba ko la'ana ta goma sha bakwai, to ya ture ta wani. Shugabannin gayya suka riƙa rubuta wanda aka yarda ya sa nasa, sauran a hana su taɓa rabin tsafinsu. Ga kuma dodannin kogon da wuta ba ta ci, dole matsafin wuta ya koma ƙanƙara. Mai ƙorafi a wancan zamani ba rigima yake nema ba, yana da gaskiya.

A zamanin Burning Crusade, ƙarin wasan da ya fito a 2007, abin ya juya ta wata fuska. Shaman kaɗai ke da tsafin da ke ƙara wa mutane sauri na ɗan lokaci, kuma ƙungiyarsa ta mutum biyar kawai yake kamawa, don haka manyan ƙungiyoyi suka riƙa cika gayya da Shaman, ana ajiye ƙwararren ɗan wasa a benci saboda bai da wannan tsafi ɗaya. Da Wrath of the Lich King ya fito a Nuwamba 2008, Blizzard ta ɗauki sabuwar aƙida wadda aka fi dangantawa da Greg Street, mai ƙira da aka sani da laƙabin Ghostcrawler: a gayyaci mutum don iyawarsa, kada a gayyace shi don rukuninsa. Aka rarraba albarkatu iri ɗaya ga rukunoni da dama, aka sassauta harajin masu baki biyu, a 2010 aka ba matsafi irin tsafin saurin nan na Shaman. Ƙorafi bai mutu ba, kaya kawai ya sauya. Yanzu cewa ake yi kowa ya zama ɗaya, launin wuta ne kawai ya bambanta. Har kamfanin ya dawo a Legion na 2016 yana tallar cewa zai mayar wa kowane rukuni da kamanninsa.

An yi wannan zagaye a wasu wuraren, kuma ba sai an tsawaita ba. Bugu na huɗu na Dungeons & Dragons a 2008 ya daidaita mayaƙi da matsafi fiye da kowane bugu kafinsa, sai magoya baya da yawa suka ce an mai da musu wasa na kwamfuta, suka koma Pathfinder na 2009 wanda ya riƙe tsohon tsari da duk karkatarsa. Guild Wars 2 a 2012 ya soke aiki ukun nan gaba ɗaya, kowa ya warkar da kansa. Aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago, don kusan kowa sai ya sa kayan ɓarna zalla, aka koma gasar wa ya fi saurin kisa. A 2015 masu ƙirar suka kawo Druid mai warkarwa. Final Fantasy XIV ya bar jarumi ɗaya ya koyi dukkan rukunoni, tazarar ƙarfi kuma ba ta da yawa, amma tun Endwalker na 2021 masu wasan ke kukan cewa kowa yana tara ƙarfinsa ne ya sauke duk bayan minti biyu, kamar masu bin ƙararrawa ɗaya.

Inda nake ganin masu jayayya ba sa yi wa kansu adalci shi ne wajen ɗora wa kamfani laifi duka. World of Warcraft Classic da ya fito a Agusta 2019 ya zama gwaji mai kyau, don tsohon wasan aka dawo da shi kusan yadda yake. A karon farko sai da aka yi kusan wata biyar kafin wata ƙungiya ta kashe Ragnaros, babban dodon Molten Core. A 2019 bai yi mako guda ba aka kayar da shi, wasu daga cikin maharan ma ba su kai mataki na 60 ba. Ke nan kogon ba ya buƙatar tawaga mafi ƙarfi, ana iya cin sa da Paladin mai guduma da Druid mai taurari a ciki. Duk da haka ƙungiyoyi suka cika gayya da mayaƙa, goma sha wani abu zuwa ashirin a cikin 40, masu baki biyu suka ci gaba da jin "ba wuri". Abin da ya sauya shi ne ma'auni. Shafuka irin Warcraft Logs suna ɗaukar bayanan kowane faɗa su jera 'yan wasa daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, kuma da zarar an jera, tazarar kashi biyu ko uku cikin ɗari ta zama dalilin ƙin mutum. Shugaban tawaga da ya ga mutum talatin na neman gurbi ɗaya ba zai tsaya tambayar wa ya iya ba, zai ɗauki wanda jadawali ya sa a sama. Mutumin da ke zagin kamfani da dare kan an danne rukuninsa, shi ne da safe zai ƙi ɗaukar wani saboda jadawalin nan.

Kuma ma'aunin da kansa gurgu ne, don ɓarna ce ke da sauƙin ƙirgawa. Wanda ya katse tsafin dodo a daidai lokaci, ko ya janye abokinsa daga cikin wuta, ba ya fitowa a saman jadawali, kamar yadda ba a samun mai tsaron gida a jerin masu cin ƙwallo. Da Blizzard ta gwada kawo rukunin da aikinsa ƙara wa wasu ƙarfi ne, wato Augmentation Evoker a Yuli 2023, sai ya mamaye manyan tawagogin mutum biyar, aka shiga rage masa kaifi gyara bayan gyara.

Rage kaifin nan kuwa shi ne abin da ya fi ƙona rai, ko da lissafi ya nuna ya dace. A Yuli 2023, ana gab da buɗe kakar farko ta Diablo IV, aka fitar da gyaran da ya raunana kusan kowa, matsafi da dama can yana ƙasa ya ƙara shan kashi. Ihun ya kai ga masu ƙirar wasan suka fito kai tsaye bayan 'yan kwanaki suka amsa cewa sun yi kuskure, suka ce ba za su sake irin wannan gyara ba. Da sabon rukunin Spiritborn ya zo a Oktoba 2024 da ƙarfin da ya wuce hankali, wanda kurakuran lissafi suka taimaka wajen haifarwa, sai suka ƙyale mafi yawansa har kakar ta ƙare. Sun fahimci cewa ɗan wasa zai haƙura da maƙwabci mai ƙarfi, amma ba ya yafe a taɓa abin da ya kwana yana ginawa.

Ni dai tambayar da nake auna wasa da ita ba ita ce ko lambobi sun zo ɗaya ba, don ba za su taɓa zuwa ba muddin rukunonin sun bambanta da gaske. Tambayar ita ce ko kowane rukuni na samun gurbi ya yi aikin da aka tallata masa, sannan nawa ne kuɗin sauya ra'ayi. Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian, wanda ya fito a Agusta 2023 da rukuni 12, cike yake da haɗe-haɗen da suka fi wasu ƙarfi nesa ba kusa ba, amma jayayyarsa ba ta yi zafin ta Warcraft ba. Ba jadawali, ba baƙon da zai hana ka gurbi, kuma in jaruminka ya gundure ka, akwai wani busasshen tsoho a sansani mai suna Withers da zai sauya maka rukuni gaba ɗaya a kan zinare 100.